Littafin Turke: Ciyawa Ɗaya, Yanka Uku

Asabar, 14 ga Satumba, 2024

Yau muka sa lauje a gonar Babale, ni da ƙanena da 'yan ƙwadago biyu. Baffa kallo ya zo. Ya sami dutse ya zauna, ya ce, "Kai ɗan nan, tun da nake ban taɓa ganin mai yankan ingirici ruwa na bisa ba." Na ce, "Baffa, gwaji ne, a sa mana albarka." Ya ce albarka kam ya sa, amma ruɓewa za ta yi.

Kunyar Sallar da ta wuce ce ta sa na buɗe wannan littafi. Tun watan Nuwamba na cika rumfa da busasshiyar ciyawa, ba ranar da ragunana suka kwana babu abinci a gabansu, amma da aka zo layya ranar 16 ga Yuni, mai son ƙirga haƙarƙarinsu ba sai ya taɓa su ba. Ciki tirtsitsi, gadon baya kamar bakin adda. Ashe wata bakwai ina yi wa rogo kallon kitse.

Bana na raba filin gamba da kyasuwa da ke bayan gonar gida uku. Kaso na farko shi muka yanke yau, kyasuwa ta fara ɗaukar ciki, gamba ba ta fitar da kai ba. Na biyu sai ƙarshen Oktoba, lokacin da kowa ke yanka. Na uku zan bar shi a tsaye, yadda shanu ke tarar da ciyawa a daji da rani.

Lissafin da nake bi ba nawa ba ne, masana kiwo sun daɗe da aunawa. Ɗanyar ciyawa a farkon damina, in an cire ruwanta, furotin ɗin cikinta, wato sinadarin gina jiki, yakan haura kashi 10 cikin 100. Da ta yi 'ya'ya sai ya sauko wajen 4 ko 5. Wadda ta bushe a tsaye har tsakiyar rani takan koma 2 ko 3. Tsiron ne da kansa yake kwashe abin kirkin da ke ganyensa ya kai wa iri da saiwa, ya bar kara yana ta tauri. Ido kuwa tsawo yake gani.

Asabar, 21 ga Satumba

Baffa ya ci rabin gardama. Mun shanya kwana biyu ana juyawa, ran Talata da la'asar hadari ya taso daga gabas, kafin ƙanena ya iso da kura ruwa ya sauko. Abin da muka riga muka ɗaure, dami 22, yana rumfa lafiya, kore shar, da ƙamshi. Sauran da ke ƙasa ya yi baƙi, ƙarƙashinsa ya yi farar furfura. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan ya tafi ramin taki.

Laifina ne. Jos ba Kano ba ce, a nan Satumba damina ce sosai. Da na kafa sanduna na rataye ciyawar sama da ƙasa, da leda a kusa, da ba a yi wannan asara ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na je Tilden Fulani duba shanuna biyu da ke hannun makiyayinmu. Sun yi kyau, tozo a miƙe, fata na sheƙi. Muna shan kindirmo na nuna masa gambar da ta fi ni tsawo a bakin burtali, na ce bana kam abinci ya samu. Ya yi dariya. Ya ce, "Malam, wannan ai ta masu zana ce. Saniya ta gama da ita tun watan jiya." Sai ya ba ni labarin kakansa da ya yi kiwo a wajen Damagaram, wanda yake cewa gajeriyar ciyawar arewa loma ɗaya ta fi goma ta kudu.

Maganar ta tsaya mini a rai, don ta yi daidai da abin da masu bincike 'yan Mali da na Holan suka gano a ƙasar Mali a ƙarshen shekarun 1970. A can bakin hamada, inda ruwa bai da yawa, ciyawa ba ta girma sosai, don haka ɗan sinadarin da ta zuƙo daga ƙasa yana nan a tattare cikinta. A inda ruwa ya yawaita kuwa, ƙasar ba ta fi ƙarfi ba, amma ciyawar na ta miƙewa, sai abin ya tsinke a cikinta kamar kokon da aka cika wa ruwa. Shi ya sa makiyayan Nijar ke yin arewa da damina, har su taru a Ingal wajen watan Satumba dabbobi su lashi gishirin ƙasa, sai rani ya koro su kudu neman ruwa da karan gonaki.

Mu a nan kan dutsen Jos muna samun ruwa wajen milimita 1,400 a shekara, ya fi na Kano da Sakkwato nesa ba kusa ba. Wannan ne ke ruɗin baƙo, har da irina ɗan gari. Amma daga Nuwamba zuwa Maris ba a ruwa a nan ma, ga ƙasar da ruwa ya wanke shekara da shekaru. Ciyawarmu doguwa ce, kuma da wuri take zama fanko.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Yanka na biyu ya kammala: dami 51, ko digo bai taɓa shi ba. Launin ƙasa-ƙasa, kara ya yi kauri, lauje har ƙara yake. Baffa ya zagaya tarin ya ce, "To, yanzu ka yi aikin mutane."

Cikin makon nan kuma na sayo raguna shida a kara ta Bukuru, yankasa huɗu, balami biyu. Duka an ba su maganin tsutsar ciki, don kada a ɗora wa ciyawa laifin da ba nata ba. Ba ni da sikelin da zai ɗauki rago, sai na ari tef ɗin ɗinkin maman yara, ina auna zagayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba. Yankasan suna tsakanin santimita 67 da 70, balaman 75 da 76. Na raba su uku-uku, kowane ɓangare yankasa biyu da balami ɗaya. 'Yan turken gabas za su ci yankan Satumba, 'yan yamma na Oktoba. Dusa da harawa mudu ɗaya ga kowa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Harawa. Wanda bai saya yanzu ba zai saya da kuka a watan Maris. Ta wake da ta gyaɗa duka daga ƙasa take hawowa, wajen Bauchi da Gombe, don nan kan dutse dankalin turawa da masara da acca suka fi yawa, kuma ba su barin abin da ya kai harawa. Mai kyau furotin ɗinta ya ninka na busasshiyar ciyawa sau uku ko fiye, amma kusan duk amfanin a ganye yake. In ganyen ya kakkaɓe a hanya, igiya ka saya.

Na kuwa sayi igiya. Wani mai mota ya sauke mini dami 30 da magariba, na duba na sama na ga kore, na biya. Da gari ya waye na kwance guda biyar, uku cikinsu tsirara ne, an yafa musu ganye ta waje kamar mayafi. Ɗaya har da ɓurɓushin ƙasa don nauyi. Lambar da ya ba ni ba ta shiga. Daga yau ba na sayen harawa sai da rana, kuma sai na zura hannu har tsakiyar dami.

Yara sun share ganyen da ya zube a tsakar gida, ya cika buhu guda. Na adana shi daban.

Asabar, 14 ga Disamba

Hunturu ya kama sosai, da asuba hannu ba ya riƙe bokiti.

Yanzu na fi dogara da abin da raguna suka rage a komi. Kullum da safe nakan tattara saura na rataya a ƙaramin sikelin hannu. 'Yan gabas suna cinye kusan duka, abin da ke saura bai cika tafi biyu ba. 'Yan yamma kuwa sai su tsince ganye da leɓe, su ture kara da hanci, wani lokaci kusan rabin abin da na zuba nake kwashewa. Wato dami 51 ɗin nan da Baffa ya yaba, rabinsa shimfiɗa ce.

Abokina likitan dabbobi, wanda ya yi karatunsa na farko a Vom, ya biyo ta gida ya yi mini bayanin da ban taɓa ji a fili haka ba. Ya ce ba rago kake ciyarwa ba, ƙananan halittun da ke tumbinsa kake ciyarwa, su ne ke narkar da ciyawa, shi kuma ya rayu da abin da suka sarrafa. Su kuwa in furotin ɗin abinci ya gaza kashi 7 cikin 100, aikinsu sanyi yake yi. Ciyawa ta daɗe a tumbi ba ta wuce ba, dabba ta ji ta ƙoshi, ta rage ci, alhali jikinta yunwa yake ji. Ga amsar katon ciki da busasshen bayan ragunan bara. Ya ce shi ya sa ɗan ƙuli ko angurya ko harawa kaɗan ke sa dabba ta ƙara cin karan da ta ƙi jiya: ma'aikatan ciki ne suka sami abin karyawa.

Ya murza kashin ɓangarorin biyu da yatsa. Na 'yan gabas da ɗan laushi, na 'yan yamma ƙanana, busassu, da zaren ciyawa a ciki.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Saura kaɗan na rasa balamin yamma, kuma da hannuna na jawo.

Ganin 'yan yamma na baya, zuciya ta ƙi daurewa, na karya dokar gwajin da kaina na ninka musu dusar masara tun ƙarshen Disamba. Harawar kuma na rage, ina tattali. Ran Laraba da asuba maman yara ta tashe ni: "Malam, fito ka ga ragon nan, tun ɗazu yake nishi." Na same shi ya miƙe ƙafafu gaba da baya, yana yunƙuri, yana kaɗa bindi, yana cizon haƙora. Ƙasan turkensa a bushe ƙamas, babu alamar ya yi fitsari tun dare.

Likita ya iso kafin ƙarfe takwas. Muka zaunar da ragon kan gindinsa, ƙanena ya riƙe ƙafafun gaba. A kan gaban rago akwai wani ɗan siririn zare, a nan tsakuwa ta fi maƙalewa. Ya datse shi da almakashi, sai ga wasu 'yan ƙwayoyi kamar rairayi, sannan fitsari ya biyo, da farko ɗis-ɗis, daga baya ya ɓalle. Ragon ya sauke wata ajiyar zuciya irin ta mutum.

Da muka wanke hannu ya ce, "Malam, dusa ba abinci ba ce ita kaɗai." Dusa cike take da sinadarin fosforas, sinadarin kalsiyam ɗinta kaɗan ne, jiki kuwa yana son kalsiyam ya ninka fosforas wajen sau biyu. Harawa ce ke cike wannan giɓi, ita kuma na rage. Ga sanyin Jos: ruwan da ya kwana a waje rago ba ya sha sai ya rasa yadda zai yi, fitsari ya yi kauri, tsakuwa ta taru. Ya ce an yi sa'a, wani lokaci toshewar tana can ciki inda almakashi ba ya kaiwa.

Yanzu kowace safiya maman yara na sirka musu ruwa da na zafi, da ɗan gishiri a dusa don su ji ƙishi. Ta ce raguna sun zama masu jego.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kaso na uku ya ƙone ƙurmus. Masu farautar gafiya ne ko masu neman toho, Allah masani. Dama abin da nake so na gani na gani: makon da ya wuce na kawo dami ɗaya daga ciki, fari fat kamar tsintsiya, na zuba wa duka shida. Suka shinshina, suka dube ni.

Gindin gamba zai tofo kore bayan wuta ko babu ruwa, kuma tohon yana da kyau ƙwarai, sai dai bai kai ya cika bakin saniya ba.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kwana bakwai, aiki ya koma bayan la'asar. Yankan Satumba ya ƙare shekaranjiya, don haka gwajin ya tsaya nan. Awon ƙirji daga Nuwamba zuwa yau: yankasan gabas sun ƙara santimita 8 da 9, na yamma 4 da 5, duk da dusar da na yi musu son kai da ita. Balaman ban sa su a lissafi ba tun da ɗaya ya yi jinya. Raguna huɗu ba hujjar da za a kai cibiyar binciken dabbobi ta Shika ba ce, na sani. Amma ni da na kwashe sauran komi wata huɗu, na gamsu.

Baffa ya shafa bayan na gabas, ya shafa na yamma, ya ce irin ba ɗaya ba ne. A mota ɗaya aka sauke su.

Yau kuma muka buɗe ramin yuriya. Tun farkon Fabrairu muka daddatse karan masara kilo 100, muka narkar da takin yuriya kilo 4 a ruwa muka yayyafa, muka tattake, muka rufe da leda da ƙasa. A ƙasar zafi mako uku ya isa, amma sanyi na rage masa sauri, sai na bar shi mako biyar. Da aka ɗaga leda warin ya sa mu duka hawaye. Karan ya yi ruwan zuma, ya yi laushi, ana lanƙwasa shi ba ya karyewa. Wannan aiki yakan kusan ninka furotin ɗin kara, ya kai shi bakin kashi 7 ɗin nan. Sai an baza shi ya sha iska kwana guda kafin a bayar, kuma da kaɗan-kaɗan ake farawa. Ba a ba jaki ko doki, ba a ba ɗan tunkiyar da bai fara tuƙa ba. Buhun takin kansa na kulle a ɗaki, don dabba in ta ci yuriya tsagwaronta ko ta sha ruwanta, mutuwa ce cikin ɗan lokaci.

Kwana biyun farko sai dai su hura hanci, in ji waɗanda suka riga ni gwadawa. Za mu gani.

Asabar, 12 ga Afrilu

Suna ci. Yanzu har rigima suke a kansa.

An yi ruwan farko cikin makon nan, gari ya yi ƙamshin ƙasa, kowa na barka. Makiyayinmu kaɗai ne bai yi murna ba. Na same shi a Tilde yana saman bishiyar kawo da adda, yana sauke rassa, shanu sun yi da'ira a ƙasa suna jira. Kawo da maje da maɗaci suna fitar da sabon ganye tun kafin ruwa, saiwarsu na can ƙasa inda laima take, kuma ganyen nasu na riƙe furotin a lokacin da ciyawa ba ta da komai. A ƙasar Kano da Katsina gawo ke wannan aiki, shi da yake yin ganye da rani ya zubar da damina, 'ya'yansa kuma har a kasuwa ake sayar da su.

Da ya sauko ya ce, "Malam, yanzu ne wahala ta fara." Ruwan farko yakan jiƙa ɗan busasshen abin da ya rage a daji ya ruɓar da shi. Sabon tsiro kuma bai kai tsawon yatsa ba, yawancinsa ruwa ne. Shanu sun ɗanɗana kore sun ƙi busasshe, suna wuni suna bin sa daga wannan tudu zuwa wancan, ƙarfin da suke ƙonawa a tafiya ya fi wanda suke samu. Ya ce saniyar da ta tsallake Maris a daddafe, a irin wannan mako take kwanciya ta kasa tashi.

Nawa biyun tozonsu ya kwanta gefe. Babbar na gan ta da wani tsohon ƙashi a baki tana gurgura kamar kare, alamar jikinta na neman fosforas, wanda busasshiyar ciyawa ba ta da shi, kanwar da ake ba su kuma ba ta maganinsa. Maraƙin ma in magariba ta yi sai ya riƙa karo da turke. Dundumi ke nan: bitamin A daga koren ganye yake zuwa, hanta na ajiye na 'yan watanni, yanzu ajiyar ta ƙare. Na bar wa makiyayin buhun angurya, da buhun ganyen harawar nan da yara suka share a Nuwamba.

Asabar, 10 ga Mayu

Kore ko'ina. Ƙanena ya yanko sabuwar ciyawa cike da buhu ya juye wa raguna ba da sanina ba, washegari duka shida zawo. Na koma ba su busasshe da safe tukuna, ɗanya kuma sai ta sha rana ta yi yaushi, ana ƙarawa a hankali. Na kuma hana shi yankan gyauron dawa a tsohuwar gonar maƙwabci, ƙaramin tohon dawa yana da dafin da ke kashe dabba nan take.

Asabar, 24 ga Mayu

Sallah na hannun ganin wata, ana sa ran 6 ga Yuni. 'Yan yamma sun ɗan cike, amma har yanzu in ka ɗora tafi a gadon bayansu za ka san wa ya ci me a hunturu. Biyu na gida, huɗu za su kasuwa mako mai zuwa.

Layyar baɗi ƙarshen Mayu za ta faɗo, ta gaba tsakiyarsa, kowace shekara tana ja baya da kwana goma sha ɗaya. Nan da 'yan shekaru mai turka rago ba zai ga ko ɗanyen ganye ɗaya ba daga saye har yanka, duk a rumfa zai dogara.

Filin da ya ƙone mun yi masa huɗa yau. Waken lablab zan shuka a ciki, don ya ba ni harawa tawa ta kaina, kuma yana daɗewa kore bayan ɗaukewar ruwa. Iri mudu biyu na samu, bai isa ba, ina neman ƙari. Sauran kaso biyun duka a Satumba za a yanke su. Na yi magana da kafinta kan sandunan shanya guda goma sha biyu, ya ce sai bayan Sallah. Leda kuma yadi ashirin, ban saya ba tukuna.